Tsaunin Haƙoran Kifi a Ƙasar Adar

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni ya kuma dawo da ni lafiya. Tun da na dawo daga ƙasar Adar ban samu na sha furata a zaure cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya gyara zama ya ce, "Malam Iro, wai da gaske ka ga kifi a kan dutse?" Na ba da labarin a ƙofar masallacinmu, na ba da shi a wajen wani ɗaurin aure a Ƙofar Gayan, har ya fara dawo mini ta bakin wasu da abin da ban faɗa ba. Wani ma cewa ya yi an gaya masa na taho da kifin a buhu. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Gidanmu a Ƙofar Jatau gidan marubuta ne. Kakanmu, wanda muke kira Malam Babba, ya bar littafi guda da hannunsa cikin ajami, inda ya ba da labarin yawonsa na neman karatu: malaman da ya zauna a gabansu, da abin da ya sauke wurin kowannensu. Da wannan littafin ne muke faɗin inda karatun gidanmu ya fito. Takardun sun tsufa, gefensu yana marmashewa, sai dangi suka ce a juya shi a sabuwar takarda, aka ɗora mini aikin.

A tsakiyar littafin akwai warƙa ɗaya da ta daɗe tana damun yayana, Alhaji Sule, wanda shi ne babban gidanmu yanzu. A cikinta Malam Babba ya ce a arewa da Tawa ya hau wani tsauni, a ƙasar da ba kogi ba tafki, ya tarar da haƙoran kifayen teku zube sun zama dutse, ya ɗauko ɗaya. Wannan ɗayan yana gidanmu. Baƙi ne, bai fi dabino girma ba, an dasa shi a guntun itace aka naɗe da jar fata aka ɗinke, kansa kawai ke waje. Da shi muke goge takarda kafin mu ɗora alƙalami, don ta yi santsi kada tawada ta yi naso. Malam Babba ya yi guga da shi, mahaifinmu ya yi, ni ma na fi shekara talatin ina yi.

Lokacin Yaya Sule yana saurayi, wani malami daga wani gida ya taɓa faɗa a cikin taro cewa mutumin da ya ga kifi a kan tsauni, in ya ce ya yi karatu wurin malam wane, sai a bincika. Aka yi dariya. Yaya bai taɓa mantawa ba. Ranar da aka ba ni aikin ya kira ni ɗakinsa.

"Iro, in ka zo kan warƙar nan, ka tsallake ta."

"Yaya, mai juya littafi ba ya tsallake."

"Mai hankali yana tsallakewa. Tsakuwar rafi ce tsoho ya tsinta, wani ya raina masa wayo. Kana so jikokinmu su sha dariyar da na sha?"

Na ce in muka cire ta, mu da kanmu mun ƙaryata shi ke nan, kuma wanda aka ƙaryata a warƙa ɗaya an ƙaryata shi a sauran. Sai ya ce, "Na ba ka zuwa bayan Babbar Sallah. Ka kawo mini abin da zan riƙe da hannuna, ba labari ba. In ba haka ba, warƙar ta fita, kuma ba ma sake maganar."

Da na gaya wa uwargidana Hajiya Rabi zan tafi, tana ninke mini kaya tana cewa, "Mutum da ciwon gwiwa da ciwon suga zai je hawan dutse neman kifi. Ga banda nan a kasuwa, ka faɗi mai nawa kake so in aika a sayo." Amma ita ce ta ɗinka mini ɗan aljihu a cikin rigata inda na sa haƙorin, ta kuma soya mini dambun nama da ya kai ni har iyaka.

Na tashi daga Zariya da hantsi, a motar Sakkwato. Har Funtuwa ana hira, ana musun siyasa da farashin taki. Da muka wuce nan sai direba ya rage rediyo, kowa ya yi shiru, ba ka jin komai sai carbin wata tsohuwa da ke bayana. Kowa ya san halin da hanyar take ciki, ba sai na faɗa ba. Da muka fara ganin gidajen Sakkwato, mutumin da ke gefena, wanda bai ce mini uffan ba tun safe, ya juyo ya gaishe ni kamar yanzu muka haɗu. Na kwana a gidan wani tsohon ɗalibin mahaifinmu, da safe na hau motar Illela.

A iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ya shafa rigata ya ji abu mai tauri, ya ce in fito da shi. Ya jujjuya shi ya ce, "Malam, wagga laya ta mi ce?" Na ce ba laya ba ce, abin aiki ne. Bai gane ba. Sai na roƙi takardar da ke gabansa, wadda aka rubuta da Faransanci ban san me ta ƙunsa ba, na kifa ta a kan teburi na goge bayanta har ta fara ƙyalli. Ya shafa da yatsa, ya kira abokin aikinsa ya shafa, shi ma ya kawo tasa takardar. Sai da na goge takardu huɗu kafin na samu na wuce, direbanmu yana ta danna oda. Jandarman ya ce shi ma ya yi allo yana yaro, amma bai taɓa ganin an yi wa takarda guga kamar riga ba.

Ƙwanni tana nan kusa da iyaka, Hausa ce ake yi, amma sai ka kasa kunne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hamata yana tafiya, ɓawonsa kuma yana yanka dasashi. Da rana tsaka gari yakan mutu, a rufe ofis da kanti sai bayan la'asar. Mu a birni a lokacin ne ciniki ke kankama. Na zauna a tasha ina jiran motar Tawa ta cika, na tambayi ɗan kamasho yaushe za mu tashi, ya ce, "In Allah ya yarda." Na ce ai na sani, ina nufin da ƙarfe nawa. Ya ce, "Malam, kai ma ka ƙara nawa bisa wanga?" Na koma na ci gaba da jira, don ya fi ni gaskiya.

A Tawa na sauka wurin wani ɗan kasuwar albasa, Alhaji Mamman, wanda mai masaukina na Sakkwato ya haɗa ni da shi. Ɗakin baƙinsa yana jikin rumbun albasa. Har na dawo Zariya rawanina yana warinta. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai shayinsa ya kusa kwantar da ni. Shayin can ba irin namu na mai teburi ba ne. A 'yar buta ake dafa shi a kan gawayi, a zuba a kofi kamar na awon magani, sau uku, kowanne ya fi na baya zaƙi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Na sha na farko, na sha na biyu, na ce masa ina da suga. Ya ce, "Mu ma muna da shi, ba ya ƙarewa," ya ƙara cokali. Sai da na nuna masa ƙwayoyin maganina ya gane, daga ranar aka riƙa dafa mini nawa daban, mai ɗaci kamar maɗaci. Abincinsu kuwa ban ga aibinsa ba: fura mai kauri da suke ce wa hura, da cuku busasshe da ake ci da shayi, da dambu da zogale.

Na karanta wa Alhaji Mamman warƙar Malam Babba. Da ya ji kifi sai ya ce ai magana ta ƙare, akwai babban tafki a Tabalak, masunta sun san komai na kifi. Na ce masa kakana ya ce wurin ba ruwa. Ya ce, "Tsoho ne, ya manta." Ban so musu da mai masaukina ba, na bi shi, muka ɓata yini guda. Babban masuntan wurin ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo kan wani ƙaton tarwaɗa aka buɗe mini bakinsa in zaɓa. Da na nuna masa namu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekararsa hamsin a ruwa bai ga kifi mai haƙorin dabino ba. A hanyar komawa na ji dariyar da Yaya ya ji, na kuma gane ba ƙaramin abu ya riƙe shekara da shekaru ba. Amma ban ji zan koma gida ba.

Washegari Alhaji Mamman ya ce akwai wani malamin boko a unguwarsu da mutane ke cewa yana tara duwatsu kamar mai taɓin hankali. Sunansa Abdu, yana koyar da kimiyya a babbar makaranta, wadda su suke kira lakkwal. Siriri ne mai gilashi, bai kai arba'in ba. Ban gama karanta masa warƙar ba ya miƙe ya ɗauko wani babban littafi mai hotuna.

Ya nuna mini wani kifin teku daga dangin da ake kira shak. Ba irin mai cin mutane ba ne, bai fi tsawon hannu ba sai da kaɗan, kansa dunƙule kamar na ɗan maraƙi, da tudu a kan kowane ido, da ƙaya mai kauri a gaban kowane fiffiken bayansa. Ya ce yana nan da rai a wasu tekuna masu nisa. Haƙoransa na gaba ƙanana ne masu tsini, na ciki kuwa faffaɗa ne kamar dutsen niƙa, da su yake farfasa ƙaguwa da dodon-koɗi. Ya juya shafi ya nuna mini danginsa na dā waɗanda suka ƙare, an samu siffarsu kwance a cikin falalen dutse a ƙasar Turai, da ƙayar da komai. Ya ce wannan jinsin ba su da ƙashi sai guringuntsi, shi ya sa yawanci ba abin da ke saura sai haƙori da ƙaya.

"To na tsaunin kakana fa?"

"Su wani gida ne dabam, Malam. Haƙoransu iri ɗaya ne da na waɗannan, har masana na farko suka ɗauka kakanninsu ne. Daga baya aka ga dangantakar da nisa. Su kam ba wanda ya rage a duniya."

Na ce na gane, mu ma muna da gidaje biyu a birni da rubutunsu ya yi kama kamar hannu ɗaya, amma ba su haɗa kaka ba. Ya ce ƙasar nan duka, daga nan har Sakkwato, ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kuma ya san tsaunin. Na ciro haƙorinmu na miƙa masa. Ya duba da gilashin ƙara girma, ya daɗe, fuskarsa ta sauya. Sai ya ce, "Mu je can tukuna."

Ranar kasuwar wani ƙauye da ke gindin tsaunin ni da Abdu muka samu mota, a-kori-kura mai ɗauke da gishiri da awaki. Don girman furfurata aka ba ni gaba, ni da wani Buzu mai rawani har hanci, wanda ya riƙe takobinsa a tsakanin gwiwoyinsa. Mun bar kwalta tun hantsi. Sau biyu muka kafe a rairayi, kowa ya sauka turi, har da ni, sai da direba ya ce, "Baba, koma ka zamna, turinka baya yake maida mu." Sunan ƙauyen ba zan rubuta ba, mutanensa sun roƙe ni.

Limamin ƙauyen ne ya sauke mu. Tsoho ne da ya girme ni, idonsa ɗaya ya yi fari. Da na miƙa masa kwafin warƙar da na juya da hannuna, ya matso da ita kusa da idonsa mai gani, ya karanta tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Abdu da duk iliminsa bai iya karanta ta ba, ni kuma ban iya karanta Faransancinsa ba, amma ni da wannan tsoho da ban taɓa gani ba alƙalaminmu ɗaya ne. Ya ce, "Wanga mutum ya zo nan. Ya faɗi rijiyarmu daidai, ya faɗi tsaunin daidai." Sannan ya gaya mini sharaɗi. A shekarun baya wasu baƙi sun riƙa zuwa suna cika buhuna suna tafiya, yanzu hukuma ta hana, su ma mutanen gari sun hana. A duba, a taɓa, a ajiye. Ko tsakuwa ɗaya ba ta sauka daga tsaunin. Abdu ya ce haka dokar take. Na ce na ji, na kuma karɓa, ko da yake na san Yaya abin riƙewa a hannu ya ce in kawo.

Bayan sallar asuba muka fara hawa, ni da Abdu da Liman. Tsaunin ba wani mai tsayi ba ne, yaron birni zai haye shi yana waƙa. Ni kuwa gwiwata ta hagu ta ce ba ta san da wannan shawara ba. Liman ya ara mini sandarsa. Ina taku goma in tsaya. A tsakiyar hanya na zauna a kan dutse, Abdu ya ce in jira nan ya je ya ɗauko mini hoto a waya. Na ce masa da hoto nake so da ban bar Zariya ba. Na tashi.

Kusa da sama akwai wani gefe da ruwan sama ya zaizaye, ƙasar wurin rawaya-rawaya. Abdu ya durƙusa ya ce in duba. Da farko tsakuwa kawai na gani. Sai ido ya saba. Ga su nan, wasu masu tsini kamar ƙayar aduwa, wasu faffaɗa baƙaƙe kamar namu, ga guntun ƙayar baya mai layi-layi, ga ɓawon koɗi ya zama dutse. Na waiga ko'ina, ba ruwa sai fili da ƙaya har iyakar gani. Na zauna a ƙasa na yi tasbihi, na yi wa Malam Babba addu'a. Liman ya ce ruwan ɗufana ne ya bar su. Abdu ya ce sun riga haka da shekaru miliyoyi. Suka juyo gare ni, na ce ni ba alƙalanci ya kawo ni ba, wanda ya halicce su ya san ranar da ya yi.

Sai Abdu ya ɗauki ɗaya daga cikin faffaɗan ya ajiye a tafin hannuna kusa da namu, ya ba ni gilashinsa. Na tsaunin, fuskarsa cike take da ƙananan layuka da ɗigo-ɗigo, kamar zanen yatsan mutum. Namu kuwa sumul yake kamar madubi.

"Malam, da wannan zanen ake gane haƙori. Naku ba shi da ko ɗaya. In ka ce in rantse, ba zan iya cewa ba tsakuwa ba ce."

"To ina zanen ya tafi?"

"Shekara nawa kuna guga da shi?"

Mu uku, kaka da uba da jika, mun zauna muna goge shaidar tsohon da hannunmu, a kan takardun da muke rubuta sunansa. Har takardun jandarma huɗu na ƙara da su.

Abdu ya ce saura hanya ɗaya. Gindin haƙorin da gefensa suna cikin fata, guga ba ta taɓa su ba. In an buɗe za a gani. Amma abu ne da ya daɗe, yana iya fashewa, kuma ko bai fashe ba ba zai koma yadda yake ba. Abin ba nawa ba ne ni kaɗai, na gida ne. A ƙauyen ba a samun waya sai a kan tsaunin, don haka daga inda nake zaune na kira Yaya Sule.

"Iro, kana ina? Rabi ta ce ka shiga daji."

"Ina kan tsaunin, Yaya. Haƙoran suna gabana, sun fi a ƙirga."

"To ka ɗebo."

"An hana ɗiba."

"Ka ji. Kifin yana nan amma ba a ɗauka. Haka Malam Babba ma zai ce."

Na bayyana masa abin da Abdu ya faɗa, na ce ina neman izini in sa a farke fatar.

Ya ce, "Ɗinkin nan Malam Babba ne ya sa aka yi shi. Babanmu ya rasu abin yana ƙarƙashin matashinsa. Ka san haka?"

"Na sani."

"In aka farke aka ga tsakuwa fa?"

"Ni da hannuna zan cire warƙar, ba sai ka sake faɗa ba."

"In kuma ya fashe?"

"Mun rasa abin guga, Yaya. Amma mun san abin da muka rasa."

Na ji yana jan numfashi. Ya ce, "Kai tun kana yaro ba a raba ka da abin da ka sa a gaba. Farke."

A ƙasar, aikin fata na mata ne, ba kamar wurinmu da dukawa maza ne ba. Liman ya kai mu wurin wata dattijuwa Buzuwa da ke ɗinkin jakunkuna a ƙarƙashin rumfar tabarma. Ta duba ɗinkin ta ce ba na ƙasarsu ba ne, amma wanda ya yi shi ya san aiki. Sau uku tana tambayata ko na tabbata, tana cewa yana iya fashewa. Ba ta yarda ta sa aska ba, da basilla ta riƙa zare zaren ɗaya bayan ɗaya, mu uku muna tsugune muna kallo kamar masu jiran haihuwa. Fatar ta buɗe. A ciki an liƙe haƙorin a itacen da ƙaro, ya bushe ya yi baƙi. Ta ɗiga ruwan ɗumi, ta jira, ta sa bakin basilla ta ɗaga a hankali. Ya fito, sannan ya rabe biyu a tafin hannunta.

Ta ce, "Na gaya maka."

Abdu bai saurare ta ba, ya riga ya sa gilashi. Sai ya miƙo mini. A gefen da fata ta rufe, zanen yana nan, layi-layi da ɗigo-ɗigo, kamar yau aka tsince shi. Gindinsa kuma ƙofofi ne ƙanana kamar cikin ƙashin da aka tsotse, daidai da waɗanda na gani a sama. Liman ya karɓa ya kai kusa da idonsa, ya ce, "Ɗan tsauninmu ne. Ya daɗe a baƙunta."

Na tambaye shi ko sharaɗin gari ya hau kan haƙorin, tunda daga nan ya fito. Ya ce wanda ya ɗauke shi ya ɗauka tun ba a kafa sharaɗin ba, in tafi da shi. Ya kawo tawada da alƙalamin kara ya rubuta shaida cikin ajami, cewa ya ga abin da idonsa, ya sa sunansa. Abdu ya rubuta tasa da Faransanci, yana bayyana cewa da abina na shigo ƙasar, saboda masu bincike a hanya. Dattijuwar ta naɗe mini guntayen biyu a ƙyallen fata, ta ƙi karɓar komai sai goro.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai gwiwar ta kumbura har sai da aka ciccibe ni daga mota a Sakkwato, kuma na yi kwana biyu a can kafin na iya ci gaba. Na shigo birni ana saura kwana shida Sallah.

Ban shiga ɗakina ba sai da na je wurin Yaya. Na same shi a zaure bayan la'asar. Na kwance ƙyallen na ajiye a gabansa tare da takardar Liman. Ya aika aka kawo masa tabarau. Ya karanta shaidar sau biyu, yana bin layi da yatsa. Sannan ya ɗauki guntayen ya fita da su bakin ƙofa inda haske yake, ya tsaya yana jujjuya su har na gaji da zama. Da ya dawo ya ce, "Ka lalata mana abin aiki."

"Da izininka, Yaya."

"Da izinina." Ya zauna. "Ina ka tsaya a juyin?"

"Saura warƙa uku in kai gare ta."

"In ka kai, ka kira ni."

Bayan Sallah da mako guda na kai. Na juya warƙar yadda Malam Babba ya bar ta, ban ƙara ba ban rage ba, na aika aka kira shi. Ya zo ya tsaya a kaina ya karanta. Sai ya nuna gefen takardar ya ce in rubuta abin da zai faɗa, da ƙananan baƙaƙe. Ya ce: "Ni Sule, jikan mai wannan littafi, na ƙaryata wannan warƙa a zuciyata shekara arba'in, na kuma nemi a cire ta. An je an gani. Allah ya gafarta mini, ya jiƙan mai gaskiya."

Na ɗaga alƙalami na ce, "Yaya, wannan fa zai zauna. Jikoki za su karanta."

Ya ce, "Don su na faɗa. Rubuta, kuma kada ka gyara mini ko wasali ɗaya."

Na tsoma alƙalami a tawada na rubuta. Iyakar abin da na gani ke nan a wannan tafiya, godiya ta tabbata ga Allah.